Bayan Fitar Nijar Daga ECOWAS, Ina Makomar Fatake Da 'Yan Ci-Rani?

Ran 28 ga watan Mayu na 2025 manyan baƙi suka hallara a Ikko domin bikin cikar ƙungiyar ECOWAS shekara 50 da kafuwa. A cikinsu har da Janar Yakubu Gowon, wanda shi da Shugaba Eyadema na Togo suka yi ta faɗi-tashi, suna bin ƙasashe ɗaya bayan ɗaya, har aka sa hannu a kan yarjejeniyar a wannan birni a 1975. An yi jawabai, an ɗauki hotuna, an watse. Amma daga cikin ƙasashe 15 da suka sa hannu a wancan lokaci, uku ba su cikin ƙungiyar a ranar bikin, domin tun ran 29 ga watan Janairu na 2025 fitar Mali da Burkina Faso da Jamhuriyar Nijar ta tabbata. Mauritaniya kuwa ta riga su tun 2000. Da ba domin tsibirin Kef Bad ya shigo daga baya ba, da ko 12 ɗin da suka saura ba su cika ba.

Mai yiwuwa ne ɗan dako a kasuwar Mile 12, ko mai yankan farce a Obalende, ko dillalin shanu a Akinyele ta Badun, ya ji labarin nan a rediyo ya ce wannan rigimar manya ce, babu ruwan talaka. To, da ruwansa, har da tsaki. Ragon layyar da ake saukewa a Agege da Fatakwal, da yawa daga cikinsa ta Maigatari da Illela ya shigo. Albasar Galmi da wake da raƙuma da fatu haka. Mai gadin da ke kwana a ƙofar gidan attajiri a Ikoyi, da mai shayin da ke bakin tasha a Anaca, da mai ga-ruwa a Shagamu, sau da yawa mutumin Tawa ne, ko Damagaram, ko Maraɗi, kuma sahu ɗaya suke tsayawa a masallacin Sabo da mutumin Sakkwato da na Haɗeja, suna auren juna, suna binne juna. Duk abin da ya taɓa takardar zaman wannan mutum, ko hanyar da kayansa ke bi, sai ya taɓa wanda suke ɗaki ɗaya da shi.

Abin da ECOWAS ta yi wa talaka ba shi da yawa, amma akwai guda ɗaya mai nauyi. A watan Mayu na 1979, a Dakar, shugabanni suka amince cewa ɗan kowace ƙasa ta ƙungiyar yana iya shiga wata ba tare da biza ba, ya zauna har kwana 90, daga baya kuma aka ƙara da haƙƙin zama da na kafa sana'a. Wanda bai san yadda duniya take kafin wannan takarda ba, sai ya tambayi dattawan da suka zauna a zangon Kumasi da Ankara. A watan Nuwamba na 1969 gwamnatin Firayim Minista Busia ta ba duk baƙon da ba shi da takardar zama mako biyu ya bar Gana. Yarabawa da Hausawa dubbai, waɗansu an haife su a can, iyayensu ma a can aka binne su, suka sayar da gidaje da rumfuna a kan kuɗin da bai taka kara ya karya ba, suka cika manyan motoci. Akwai gidaje a Agege da Sabon Badun waɗanda asalin zamansu a Kurmi ke nan.

Gaskiya kuwa ita ce, ko bayan takardar 1979, Nijeriya ma ta yi irin wannan aiki. Ran 17 ga watan Janairu na 1983, da kuɗin man fetur ya faɗi, ayyuka suka ƙare, Gwamnatin Tarayya ta ba baƙi marasa takarda mako biyu su fita. An ƙiyasta cewa mutum wajen miliyan 2 ne suka tashi, kimanin rabinsu 'yan Gana, sauran kuwa mutanen Nijar da Cadi da Togo da Benin da Kamaru. Mutanen Ikko na wancan zamani ba su manta da cincirindon da aka yi a tashar jiragen ruwa ta Apapa da kan iyakar Seme ba, har jakar nan mai zane-zane ta samo sunan da ake kiranta da shi har yau. A 1985 aka sake yi. Watau ko da akwai yarjejeniya a rubuce, ranar da gwamnati ta shiga matsi, baƙo ne ake fara dubawa. To, ina ga ranar da babu yarjejeniyar ma gaba ɗaya?

A nan ne maganar take. A ranar da ƙasashen uku suka fita, hukumar ECOWAS ta ba da sanarwa cewa a ci gaba da karɓar fasfo da katin shaidar mutanensu masu ɗauke da tambarin ƙungiyar, a bar su su shiga su zauna ba biza, a kuma ci gaba da yi wa kayansu rangwamen kwastan kamar da. Wannan shawara ce mai kyau, kuma ta hana ɓarna mai yawa. Amma sanarwar da kanta ta ce tsari ne na wucin gadi, sai abin da hali ya yi. Ƙasashen ukun ma sun ce ƙofarsu a buɗe take ga mutanen ECOWAS, amma a ranar nan suka fito da nasu fasfo, a watan Maris na 2025 kuma suka ɗora harajin rabin kashi ɗaya cikin ɗari a kan kayan da ake shigar musu daga waje. Saboda haka abin da jiya yake haƙƙi ne, wanda mutum zai iya kai ƙara a kansa, yau ya koma alfarma. Alfarma kuwa mai ita yana iya janye ta da rana tsaka, ba sai ya yi shawara da kowa ba.

Ba a son yawan maimaita cewa Nijeriya da Nijar Ɗanjuma ne da Ɗanjummai, domin 'yan siyasa sun faɗa har maganar ta gaji. Amma tarihi bai gaji ba. Layin da ya raba ƙasashen biyu, mai tsawon kimanin kilomita 1,500, Ingila da Faransa ne suka ja shi a kan takarda, suka yi ta gyara shi tsakanin 1890 da 1906, kuma abin da ya dami Faransa a lokacin shi ne ta sami hanya mai rijiyoyi daga kogin Kwara zuwa tafkin Cadi. Sarautar Katsina ta Haɓe tana Maraɗi, ta Gobir tana Tsibiri. Jihohi bakwai ne suka jingina da wannan layi: Kabi, Sakkwato, Zamfara, Katsina, Jigawa, Yobe da Barno. Kuma ranar da Nijeriya ta shiga halin ƙaƙa-ni-ka-yi a yaƙin basasa, Faransa ta karkata ga Biyafara, Kodebuwa da Gabon suka amince da ita a matsayin ƙasa, Shugaba Diori Hamani bai bi uwargijiyarsa ba, ya tsaya tare da Gwamnatin Tarayya, har a Yamai aka yi zaman neman sulhu a watan Yuli na 1968. Bayan yaƙi, a 1971, aka kafa hukumar haɗin gwiwa ta ƙasashen biyu, mai hedkwata a Yamai. Wannan hukuma ta girmi ECOWAS da shekara huɗu, kuma fitar Nijar daga ƙungiyar ba ta rushe ta ba.

Da irin wannan zumunci, sai mutum ya yi tsammani Nijeriya za ta riƙa taka-tsantsan da ƙofar da ke tsakani. Abin takaici, a cikin shekara 40 sau uku ana garƙame ta, kuma kowane karo an sami wani dalili mai daɗin ji a kunne.

Na farko a watan Afrilu na 1984 ne, lokacin da gwamnatin soja ta Janar Muhammadu Buhari ta canza launin takardun Naira, ta rufe iyakoki domin kada a dawo da kuɗin da aka ɓoye a waje, kuma a daƙile fasa-ƙwauri. Canjin kuɗi ya ƙare cikin kwanaki, amma iyaka ta zauna a rufe sai 1986. Rufewar ta zo daidai da fari mai tsanani, lokacin da mutanen Nijar suka saba gangarowa kudu su sayar da dabba su sayi hatsi. Kowace yunwa Bahaushe yakan laƙaba mata suna, kuma sunan da mutanen karkarar Nijar suka ba wa ta wannan shekara, watau El-Buhari, ya isa ya nuna wa duk mai tsara manufofin ƙasashen waje yadda ake tuna ƙasa a bakin talakan maƙwabta.

Na biyu ya fi ban mamaki. Ran 7 ga watan Yuli na 2019, a birnin Yamai, Shugaban Ƙasa ya sa hannu a kan yarjejeniyar ciniki ba shinge ta nahiyar Afirka baki ɗaya. Mako shida bayan haka, a watan Agusta, aka rufe iyakokin ƙasa na tudu saboda shinkafar waje da ake shigowa da ita ta Kwatano da kuma man fetur da ake fitarwa. A watan Nuwamba aka ƙara da hana kai mai gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga kan iyaka, mutanen Jibiya da Illela da Kamba suka koma sayen mai a galan kamar ba a ƙasarsu ake haƙo shi ba. Wata 16 aka yi a haka kafin a buɗe Seme da Illela da Maigatari da Mfum a watan Disamba na 2020. Ba a musun cewa masu injinan casar shinkafa sun ci riba, kuma an ƙara noma. Amma farashin abinci hawa ya yi ta yi, shinkafar waje ba ta ɓace daga kasuwa ba, sai dai ta koma bin daji a kan babur da tsakar dare, kuɗin hanya ya ƙaru, masu karɓa a shingaye suka yi ƙiba. A Kumasi da Ankara kuwa ƙungiyar 'yan kasuwar Gana ta bi shagunan 'yan Nijeriya tana sa musu kwaɗo. Wanda ya yi odar rufewa yana Abuja, wanda aka rufe wa shago yana Kumasi.

Na uku shi ne wanda ya kai ga rabuwa. Ran 26 ga watan Yuli na 2023 dogaran fadar shugaban ƙasa a Yamai, ƙarƙashin Janar Abdurrahman Tchiani, suka tsare Shugaba Bazoum Mohamed. Kwana huɗu bayan haka shugabannin ECOWAS suka taru a Abuja, Shugaba Bola Tinubu yana jagorancin ƙungiyar bai kai wata guda ba, suka rufe iyakoki ta sama da ta ƙasa, suka tsai da hulɗar kuɗi, suka ba sojoji mako guda su mai da Bazoum ko a yi amfani da ƙarfi. Nijeriya ta ƙara da yanke wutar lantarki, alhali kusan kashi 70 cikin ɗari na wutar da Nijar ke sha a lokacin daga nan take zuwa. Mali da Burkina Faso suka ce duk wanda ya taɓa Nijar ya taɓa su. Ran 5 ga watan Agusta Majalisar Dattijai ta ƙi goyon bayan yaƙi, ta ce a bi hanyar sulhu, amma duk da haka ran 10 ga wata aka ba da umurnin a shirya rundunar ko-ta-kwana. Mako ya wuce, wata ya wuce, ba a yi yaƙi ba, ba a kuma mai da Bazoum ba. Waɗanda suka iya shiga Yamai aka saurare su ba masu riƙe da takardar wa'adi ba ne. Janar Abdussalami Abubakar ne da Sarkin Musulmi, da Malam Muhammadu Sanusi na Biyu, da ayarin malaman addini. Ran 24 ga watan Fabrairu na 2024 aka janye takunkumin ba tare da an sami ko ɗaya daga cikin abubuwan da aka nema ba, ran 13 ga watan Maris kuma Nijeriya ta buɗe iyaka. Kafin nan bakin alƙalami ya riga ya bushe: tun watan Satumba na 2023 ƙasashen uku suka kafa ƙawancensu na Sahel, kuma ran 28 ga watan Janairu na 2024 suka ce sun fita.

A cikin wata bakwai da 'yan kai ɗin nan, wane ne ya sha wuya? Janar-janar ɗin Yamai suna da janareto. Asibitoci da masu sayar da ƙanƙara da teloli da masu walda su ne suka zauna a duhu. Motocin kaya suka yi jerin gwano a Illela da Jibiya da Kongolam har abin da ke cikinsu ya ruɓe. Kasuwar Alhamis ta Maigatari, wadda dillalai daga Kurmi ke cika ta, ta yi laushi, kasuwar hatsi ta Dawanau a Kano ta rasa manyan masu saye. Ɗan ci-ranin da ya saba aika kuɗin cefane gida ta hannun direba ya rasa ta inda zai aika. Daɗin daɗawa, sojojin da aka so a raunana su sai ga shi an ba su abin da ba su da shi ranar da suka yi juyin mulki, watau dalilin tara jama'a a filin wasa suna yi musu tafi.

Maganar wutar lantarki ta cancanci a tsaya a kanta, domin a nan ne hasarar ta fi nisa. Kogin Kwara ta cikin Nijar yake bi kafin ya iso madatsar Kainji, wadda aka gama a 1968, da ta Jebba. Tun shekarun 1970 da aka ja layin wuta daga Birnin Kabi zuwa Yamai, an daɗe ana fahimtar cewa wuta mai rahusa da Nijeriya ke bayarwa ita ce ke sa maƙwabciyar ba ta gaggauta datse kogin ba. Watau ciniki ne, kowa yana da abin da ya riƙe. Ranar da aka kashe wannan layi domin siyasa, an koya wa kowace gwamnati da za ta zo a Yamai, ta soja ko ta farar hula, cewa dogara da Nijeriya haɗari ne. Aikin madatsar Kandaji da ke yankin Tillaberi ya daɗe yana tafiyar hawainiya, amma yanzu babu wani ɗan Nijar da zai ce ba a bukatarsa. Manomin fadama a Yawuri da masuncin Kainji su ne za su ga sakamakon a ƙarshe.

Kada mai karatu ya ɗauka cewa wanke sojojin Yamai ake yi. Juyin mulki ba gyara ba ne, kuma Nijeriya ta fi kowa sanin haka, tun da ta sha shi tun daga 1966 har ta ƙoshi. Mutumin da jama'a suka zaɓa ya shafe fiye da shekara biyu a tsare shi da maiɗakinsa ba tare da an yanke masa hukunci ba. A watan Maris na 2025 Janar Tchiani ya yi rantsuwar zama shugaban ƙasa na shekara biyar ba tare da ƙuri'a ko ɗaya ba, aka kuma rushe jam'iyyun siyasa. A watan Disamba na 2024 ya fito da harshen Hausa ya zargi Nijeriya da haɗa baki da Faransa domin a hargitsa ƙasarsa, zargin da Abuja ta ƙaryata, kuma irin wannan magana, in ta shiga kunnen matasa a garuruwan kan iyaka, ɗan kasuwar Nijeriya da ke Maraɗi da Ƙonni take jefawa cikin haɗari. Su ma kuma sun koyi wasa da ƙofa: a watan Oktoba na 2024 suka hana fitar da hatsi sai zuwa Mali da Burkina Faso, a watan Mayu na 2025 kuma, ana gab da Babbar Salla, suka hana fitar da dabbobi. Duk wanda ya yi cinikin rago a Kurmi a wannan shekara ya ji a aljihunsa, makiyayin Nijar da ya yi kiwo shekara guda domin kasuwar Nijeriya shi ma ya ji.

Ita ma ECOWAS tana da nata laifi wanda ya zubar mata da ƙima tun kafin 2023. Lokacin da Alpha Conde na Gini da Alassane Ouattara na Kodebuwa suka nemi wa'adi na uku a 2020, ƙungiyar ba ta rufe wa ƙasashensu iyaka ba. Talaka yana gani. In mai farar riga ya murɗe tsarin mulki a yi shiru, in mai kaki ya ture shi a yanke wuta, to da wuya a shawo kan jama'a cewa dimokuraɗiyya ake karewa.

Ta fuskar tsaro kuwa abin ya fi tayar da hankali. Nijeriya ba baƙuwar kai soja waje ba ce. Ita ce ƙashin bayan rundunar ECOMOG da ta sauka a Laberiya a watan Agusta na 1990, ita ce ta mai da Shugaba Tejan Kabbah kan kujerarsa a Saliyo a 1998, kuma gwamnatin Cif Obasanjo ta ce waɗannan yaƙe-yaƙe sun ci wa ƙasa kimanin Dala biliyan 8, ban da ɗaruruwan sojoji da ba su dawo ba. A watan Janairu na 2017 barazanar soja ta isa ta sa Yahya Jammeh ya bar Gambiya. Mai yiwuwa wannan nasara ce ta ruɗi masu ba da shawara a 2023. Amma Gambiya ƙaramar ƙasa ce da Senigal ta kewaye, Nijar kuwa ta fi Nijeriya faɗin ƙasa, kuma duk harsashin da aka harba a Ƙonni sai an ji ƙararsa a Illela. Haka kuma sojan Nijeriya na yau yana fama a Barno da Zamfara da Katsina da Neja da Filato da kudu maso gabas a lokaci guda.

Abin da ya kamata a tuna shi ne cewa a watan Maris na 2015 sojojin Nijar da na Cadi ne suka ƙwato garin Damasak daga hannun Boko Haram. Dubban mutanen Barno a Diffa suka sami mafaka, kuma tun 2019 dubban mutanen Sakkwato da Zamfara da Katsina da 'yan bindiga suka kora suna zaune a ƙauyukan Maraɗi. Rundunar haɗin gwiwa ta tafkin Cadi, mai hedkwata a Njamena, sashenta guda a Diffa yake. A watan Maris na 2025 Nijar ta ce ta janye daga wannan runduna. Kafin nan, a watan Nuwamba na 2024, Hedkwatar Tsaro a Abuja ta yi shelar ɓullar Lakurawa a Sakkwato da Kabi, kuma ita da kanta ta danganta ƙarfin da suka yi da tsayawar sintirin haɗin gwiwa bayan juyin mulkin Yamai. Sojojin Faransa sun bar Nijar a watan Disamba na 2023, na Amurka a 2024, aka kawo na Rasha. Ko wane baƙo ne ya zo ko ya tafi, ɗan bindiga bai san layin Turawa ba. In an matsa masa a wannan gefe sai ya tsallaka wancan, kuma ba abin da yake so kamar a ce sojojin gefen biyu ba su gaisawa. Ziyarar da Janar Christopher Musa ya kai Yamai a watan Agusta na 2024, da wadda Ministan Harkokin Waje Yusuf Tuggar ya kai a watan Afrilu na 2025, matakai ne masu kyau, amma ziyara ba ta zama yarjejeniya sai an rubuta an sa hannu.

Akwai kuma wani ɓangare na wannan al'amari da ba a cika faɗinsa a Abuja ba, amma mazauna Kurmi sun san shi sarai. Ranar da aka ce a kama baƙi, wanda ke kamun ba ya iya bambanta mutumin Maraɗi da na Jibiya, ko na Diffa da na Damasak. Riga ɗaya, harshe ɗaya, tsagar fuska ɗaya. A watan Janairu na 1980 an ɗauki Alhaji Shugaba Abdurrahman Darman, shugaban masu rinjaye a Majalisar Dokokin Jihar Barno, aka kai shi Cadi aka ajiye wai ba ɗan ƙasa ba ne, sai da kotu ta mai da masa haƙƙinsa. In an yi wa ɗan majalisa haka, ina ga mai tura baro? A watan Agusta na 2019 an tare mutum 123 'yan Jigawa a Ikko, sun zo cikin babbar mota da baburansu neman abinci, aka tsare su kafin bincike ya nuna ba su da laifin komai. A watan Maris na 2025 kuma aka kashe mafarauta 16 a Uromi ta Jihar Edo, suna kan hanyarsu daga Fatakwal zuwa Kano domin Salla, bisa zato kawai. Duk lokacin da dangantaka da Nijar ta yi tsami, aka fara cewa 'yan ta'adda suna kwararowa daga Sahel, zaton da ake yi wa ɗan Arewa a tasha da shingen hanya ƙaruwa yake yi. Wannan shi ne dalilin da ya sa manufar harkokin waje ta zama maganar cikin gida ga mutumin Sabo.

Saboda haka abin da ya fi gaggawa shi ne Gwamnatin Tarayya ta daina jiran ranar da ECOWAS da ƙawancen Sahel za su gama tattaunawa. Ta yi amfani da hukumar 1971 ta ƙulla yarjejeniya ta ƙasa da ƙasa da Nijar, wadda za ta fayyace shiga da fita ba biza, da haƙƙin zama da sana'a ga mutanen ɓangarorin biyu, da irin takardar da jami'in kan iyaka zai karɓa, da jerin kayan abinci da dabbobi da magunguna waɗanda ba za a hana su wucewa ba kome tsananin saɓani. A sa wutar lantarki da ruwan Kwara a cikinta, kowa ya san abin da ke kansa. A sa sintirin haɗin gwiwa daga Kamba har Malam Fatori, ko da Nijar ba ta koma rundunar tafkin Cadi ba. Yin haka ba amincewa da juyin mulki ba ne, kuma ba ya hana Nijeriya ci gaba da neman a saki Bazoum. Nijeriya ta yi hulɗa da Kountche da Ali Saibou da Ba'are Mainasara, duk sojoji ne, kamar yadda Nijar ta yi hulɗa da sojojin da suka mulki Nijeriya. Hanyar jirgin ƙasa ta Kano zuwa Maraɗi, mai kilomita 284, wadda aka aza harsashinta a watan Fabrairu na 2021 da bashi mai nauyi, ba ta da wata ma'ana in har ana iya rufe ƙarshenta da sanarwa guda ta rediyo.

Majalisar Tarayya ma tana da aiki. Tsarin mulkin 1999, a sashe na 5, ya hana Shugaban Ƙasa shelar yaƙi sai da amincewar majalisun biyu, ya kuma hana tura soja fagen fama a waje sai da yardar Majalisar Dattijai. Wannan shinge ne ya yi amfani a watan Agusta na 2023. Amma rufe iyaka, wanda ya karya jarin mutane fiye da yadda waɗansu yaƙe-yaƙe ke yi, ba ya bukatar yardar kowa. Ya kamata a yi doka cewa duk rufewar da ta wuce 'yan makonni sai an kawo ta gaban majalisa, an faɗi dalili da ranar buɗewa, an kuma saurari gwamnonin jihohin nan bakwai da ƙungiyoyin fatake da direbobi. Sanatocin Arewa da suka yi magana da murya ɗaya a 2023 su ne ya kamata su gabatar da ita.

Kafin manya su gama nasu, akwai abin da ke hannun sarakunan Hausawa na Agege da Idi-Araba da Shagamu da Badun da Inugu da Fatakwal, da shugabannin kasuwanni da limamai. Su matsa wa kowane yaro da ya sauko daga mota ya yi rajistar lambar shaidar ɗan ƙasa, ya riƙe takardar ƙaramar hukumarsa a jikinsa, domin da yawa suna zuwa ci-rani ba su da ko ɗaya. 'Yan'uwa mutanen Nijar kuma a taimaka musu su je ofishin jakadancinsu su sabunta takardunsu tun ana karɓar masu tambarin ECOWAS, kada su sayi takardar ƙaramar hukuma ta bayan fage, wadda ranar bincike za ta jefa su da wanda ya tsaya musu cikin wahala. Kowane zango ya buɗe littafi na sunayen mazaunansa da garuruwansu da wanda ya san su, a ajiye kwafi wurin sarki, a kuma sanar da ofishin 'yan sanda na unguwa cewa littafin yana nan.